Abin da Laka Ta Ajiye

Ranar Talata na ɗauko Baba daga gidan kula da tsofaffi,
na naɗa masa mayafin wuya, na cusa safar hannu a aljihunsa.
Ya ce, "Baiwar Allah, ina za ki kai ni?"
Shekara arba'in da shida ina 'yarsa,
yau na koma baiwar Allah.

Daga Slussen muka hau jirgin fito.
Ruwa toka-toka, sama ma haka,
tsuntsayen teku na ihu kamar masu bin bashi.
'Yan yawon buɗe ido sun cika bene,
kowa ya ɗaga waya yana farautar hasumiya.
Baba kuwa igiyar takalminsa yake kallo.

A Djurgården ƙofar gidan tarihi ta haɗiye mu.
Duhu-duhu, sanyi, warin tsohon katako.
Sai ga shi nan,
Vasa, baƙi ƙirin, ya kusa tokare rufi,
zakin goshinsa ya yunƙura zai yi tsalle,
shekara kusan ɗari huɗu bai dira ba.

Wata 'yar jagora, Tuva aka rubuta a ƙirjinta,
tana zuba bayani kamar an kunce famfo:
an ƙera shi don sarki, an jera masa igwa hawa biyu,
sama ta yi nauyi, ƙasa ta yi sakayau.
Ranar fitarsa ta fari iska ta ɗan busa,
ya karkata, ruwa ya bi tagogin igwa,
ya nutse a idon masu yi masa tafi,
ko bakin gari bai bari ba.
Girman kai rawanin tsiya, na faɗa a zuci.
Tuva ta ce, shekara ɗari uku da talatin da uku
yana kwance a laka kafin a ɗago shi.

"Ina wurin," in ji wata murya a kafaɗata.
Na waiga.
Baba ne, ya miƙe wuya, ido ya kawo haske.

"Ina wurin. Mun gudu daga makaranta,
ni da Sixten mai karyayyen haƙori.
Muka haye katanga, gwiwata ta kurje.
Inna ta ƙunsa min burodi da cuku,
tsuntsu ya fizge, ban ko bi shi da ido ba.
Ruwa ya yi ta kumfa, ya yi ta kumfa,
sai wasu baƙaƙen itatuwa suka leƙo
kamar yatsun mai neman ceto.
Sixten ya ce, 'Wannan ne jirgin? Ai kirare ne!'
Wani dattijo ya make masa ƙeya yana hawaye."

Tuva ta yi shiru. Wayoyi suka sauka.
Baba ya juyo, ya kama hannun rigata:
"Lokacin ba a haife ki ba, Majken.
Da kin gani."

Majken.
Wata goma sha ɗaya rabon da sunan nan ya fito bakinsa.
Na tsaya cak, kada in motsa ya koma ƙasa.

Muka sha kofi, ya cinye burodin kirfa har da nawa,
sukari ya maƙale masa a gemu, na bar shi.
A allon bango na karanta cewa bayan an ɗago jirgin
shekara goma sha bakwai aka yi ana fesa masa magani,
don abin da ya daɗe a laka
in ya sha iska, tsagewa yake.

A jirgin komawa fitilun gari sun fara kunnuwa.
Baba ya dube ni da ladabi irin na baƙo,
ya ce, "Baiwar Allah, kin san hanya kuwa?"
Na ce na sani.
Na duba jaka, tikitin nan biyu na ciki.
Talata mai zuwa ma ba ni da aiki.